Maɗaba'ar Sabon Gari da littafin Sallah na yara

Wata maɗaba'a da ke Sabon Gari ta iya launi. Jan rawanin dogarai a zanen Hawan Daushe yana fitowa tas a takarda mai sheƙi, mai nauyin giram 130. Inda take tuntuɓe shi ne haruffa masu lanƙwasa: salon rubutun kwamfutarsu ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sai "ɗan doki" ya fito da ɗan akwati a gurbin ɗ. Yaro ɗan aji biyu nan zai tsaya cak. Don haka ka kai musu aikinka a PDF, wato fayil da ke riƙe haruffa yadda ka rubuta su, kuma ka duba gwajin farko kafin su buga.

Shafuka su zama 16 ko 24, tunda kowace takarda da aka ninke shafi 4 take bayarwa. Ka kai aiki tun Sha'aban. A goman ƙarshe na azumi layi ya yi tsawo.