Daga Japan zuwa Kano: jabun rezin da alƙalamin feshi, ina ya kamata kuɗinku ya tafi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Da fatan kowa yana lafiya. Ya kasuwa, ya kuma zafin Kano?

Tun da ƙannena da abokansu suka ga irin fentin da nake yi wa ƙananan samfuran jirage da motoci a nan Japan in na taso daga aiki, tambaya biyu suke ta jefo mini. Ta farko, ko su sayi jabun kayan haɗin rezin ɗin nan da ake tallatawa a intanet a rabin kuɗi, wato ƙananan siffofi na wata irin roba mai tauri da ke zuwa gunduwa-gunduwa, kai ka haɗa ka fenta. Ta biyu, wane alƙalamin feshi, wato eyaburosh, ya dace da mai koyo. Da in yi ta amsa wa kowa ɗaiɗai a WhatsApp, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Ra'ayina dai, wanda ke zaune a Kano ya zuba kuɗinsa a kayan feshi, ya ja da baya daga jabun rezin.

Galibin masu yin kayan rezin na ainihi ba kamfanoni ba ne. Mutum ɗaya ne a ɗakinsa, ko 'yan abokai biyu uku. Zai shafe watanni yana sassaƙa siffa, da hannu ko a kwamfuta, sannan ya raba ta gunduwa-gunduwa, ya yi wa kowane yanki mol, wato mazubi, na silikon, ya zuba rezin. Ruwa iri biyu ake haɗawa, cikin mintoci kaɗan ya daskare. Mol ɗin ba ya jure aiki, in an yi zubi 'yan gomomi sai ya fara yagewa, shi ya sa kayan ba sa yawa. Babbar kasuwarsu ita ce Wonder Festival, wadda aka fara a 1984, yanzu kuma kamfanin Kaiyodo ke shirya ta sau biyu a shekara a zauren Makuhari Messe da ke Chiba. Akwai wani tsari a wajen da ya burge ni. Masu haƙƙin mallakar fim ko wasan kwamfuta sukan ba ƙaramin masassaƙi izinin kwana ɗaya tak: ya sayar a ranar, a cikin zauren, iya adadin da aka yarje masa. Kasuwa na tashi izinin ya ƙare. Wanda bai samu ba sai ya bi shagunan kayan hannu irin su Mandarake, inda farashin kan haura sosai in abin ya yi suna.

Ta wannan ƙofar masu jabu suka shigo. Su sayi na ainihi guda ɗaya, su kai shi Chaina ko Hong Kong ko Tailan, su yi sabon mol a jikinsa, su yi ta zubawa suna turawa duniya. Wanda ya sha wahalar sassaƙar ko sisi ba ya gani. Mu da muka ga abin da kwafin atamfa daga waje ya yi wa masaƙun Kano da Kaduna, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

A ajiye maganar haƙƙi ma, a dubi kayan kansa. Wani abokin aikina ya yi odar jabun wani butum-butumin yaƙi, muka buɗe kwalin tare. Ba hoto, ba takardar da ke nuna yadda ake haɗawa, sai gunduwoyi a ƙulle cikin leda, suna maiƙo, suna wari kamar an jiƙa su da kalanzir. Maiƙon nan man da ake shafa wa mol ne don kada zubi ya manne, kuma muddin yana jiki fenti ba zai zauna ba. Siraran layukan da ke jikin sulken duk sun dushe, wasu sun cike. Bakin bindigar ya lanƙwashe. Da muka ɗaga cinyar a gaban fitila sai ga ƙananan ramukan iska birjik, inda kumfa ta maƙale lokacin zubi. Ƙafar kuma ta ƙi shiga gurbinta a ƙugu, domin duk zubin da aka yi a kan wani zubin yana ɗan tsukewa, kuma ba kowane yanki ke tsukewa daidai da ɗan'uwansa ba.

Duk wannan yana gyaruwa. A wanke da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, a tsoma abin da ya lanƙwashe a ruwan zafi a miƙar da shi, a saka a ruwan sanyi ya tsaya. A cike ramuka da fila, a bi da samfefa, a huda mahaɗa a sa guntun wayar tagulla kafin a ɗiga sufa gulu, domin gam ɗin roba ba ya kama rezin. Amma fa aikin gwani ne, ba na wanda ko alƙalamin bai iya riƙewa ba. Akwai kuma wanda ba ya gyaruwa: in ba a auna ruwan biyu daidai ba, rezin ɗin yakan zauna da danƙo har abada. Ban ce duk jabu haka yake ba, akwai masu zubi mai tsafta. Sai dai ba za ka san wanda ka samu ba sai kwali ya iso Kano, mai sayarwa yana can wata uwa duniya, ga kuɗin jirgi ka riga ka biya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙari a kan haka, siraran sassan rezin ba sa shiri da zafi. A watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura maki 40, a bar shi a cikin mota ko a ɗakin kwano maras silin, takobi da eriya sai sun sunkuya.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Yawancin waɗannan kaya siffofin mutane ne, da yawansu kuma 'yan matan zanen katun ne da shigar da ba za ka so mahaifiyarka ta gani a kan teburinka ba. Kun tuna a 2021 Hisbah ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumin tallar kaya a Kano. Hukuncin sura mai rai maganar malamai ce, kowa ya koma ga malaminsa kafin ya tura kuɗi. Ni abin da nake fentawa jiragen sama ne da motoci da jiragen ruwa, kuma a wannan fannin ba ka da wata buƙatar jabu. Tamiya da Hasegawa, duk a Shizuoka suke, suna yin na roba masu kyau da sauƙin kuɗi, kowane yanki ya shiga gurbinsa cif, da takardar bayani mai hoto wadda ko ba ka jin Japananci za ka bi.

To, alƙalamin feshi. Abu biyu za ku duba kafin sunan kamfani. Na ɗaya, ya zama mai aiki biyu: ka danna maɓalli iska ta fito, ka ja shi baya fenti ya biyo, iya jan da ka yi iya fentin da zai fita. Mai aiki ɗaya ya fi sauƙin koyo, amma nan da nan za ka ji ya yi maka kaɗan. Na biyu, kofin fentin ya zama a sama, fenti ya gangaro da kansa. Irin wannan yana aiki da iska kaɗan, yana karɓar ɗigon fenti biyu uku, kuma wankinsa ba wuya. Mai kwalba a ƙasa na masu fentin riguna da alluna ne. Faɗin baki kuwa, milimita 0.3 ko 0.35 ya ishe ku komai. Yara suna son 0.2 don sun ji an ce shi ke fitar da siririn layi, alhali shi ya fi saurin toshewa, musamman da fentin ruwa.

A nan abin da za ka fi gani a hannun mutane shi ne PS-289 na GSI Creos, mai baki 0.3, da Eclipse HP-CS na Iwata, mai 0.35. Bambancin da ya shafe ku shi ne bakin. Na Creos ɗan mitsitsi ne, da zare irin na noti, da 'yar sifana ake ɗaure shi, in aka matsa da ƙarfi sai ya karye a ciki. Na Eclipse ya fi girma, zura shi kawai ake yi, haka ma na Harder & Steenbeck na Jamus. Ga mai hannun da bai saba ba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Badger Patriot 105 na Amurka jarumi ne wajen juriya, sai dai zaren tiyonsa daban yake da na Japan, sai an nemo mahaɗi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a shagunan nan ba alƙaluman ba ne, bangon da ke bayansu ne. A Yodobashi Camera da ke Akihabara, ko shagon Volks da ke unguwar, allurar cikin alƙalami da baki da zoben roba kowanne a rataye yake a 'yar ledarsa da lambarsa. Allurarka ta lanƙwashe yau, gobe ka sayi sabuwa ka ci gaba. In ka yi oda kuma, kai za ka zaɓi lokacin da za a kawo maka, kuma a lokacin za a ƙwanƙwasa ƙofa. Har ɗakunan fenti ake haya da awa, da fanka mai zuƙe wari, saboda gidajen Tokiyo ƙanana ne kuma maƙwabci ba ya son hayaniya. Rabin kuɗin alƙalami mai suna wannan hidimar kake saya, ita kuwa ba ta biyo shi Kano. Saboda haka duk wanda zai saya, ya haɗa da allura biyu da baki ɗaya na ajiya a oda guda. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya fara da ɗan Chaina maras suna, ya koyi kwancewa da wankewa a kansa. Yana feshi, sai dai zoben robarsa ba ya jure tina mai zafi, wato sinadarin tsinka fenti, kuma allurar wani ba lallai ta shiga wani ba.

Kwamfuresa kam, wato injin da ke ba alƙalamin iska, kada wanda ya ce in aiko masa daga nan. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230. Wanda ake yayi a nan, L5 na Creos, shiru gare shi kamar ba ya aiki, amma ba shi da tanki, iskarsa ba ta da ƙarfi, kuma in ka jona shi a soket ɗin gida ba tare da taransifomar rage wuta ba, ka yi masa sallama. Abin da ya dace da ku shi ne irin AS-186, mai tankin lita 3, wanda yake cika ya kashe kansa, iska ta ragu ya tashi. A Chaina ake yin sa, don haka ta hannun 'yan kasuwarmu masu zuwa Gwanzu ya fi kusa, a tabbatar dai an ɗauko mai bolt 220 zuwa 240. Tankin yana sa iska ta fito sumul ba tare da fizga ba, kuma in aka ɗauke wuta kana tsakiyar layi, kana da ɗan abin ƙarasawa. Ba ya cin wuta sosai, ƙaramar inbata ko ƙaramin janareta zai ɗauke shi. Iskar da aiki ke so tsakanin PSI 15 zuwa 25 ce a ma'aunin ƙarfin iska. Lallai ya zama da matatar ruwa a bakin tiyo, kuma a riƙa kwance ƙusar ƙasan tankin ana zubar da ruwan da ya taru, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi ta ciki.

A ɓangaren gyara Kano ta fi nan, ba kara. Abu ya lalace a Japan, kuɗin gyara kan sa mutum ya haƙura ya sayi sabo. A gida kuwa mai gyaran firij zai buɗe maka kwamfuresa a gabanka, ya canja abin da ya mutu, ku yi ciniki ku rabu da fara'a. Akwai ma masu haɗa kwamfuresar feshi da injin tsohon firij, kuma tana aiki shiru. In za a yi wannan, a sa mata abin da zai kashe ta in iska ta cika da bawul ɗin sakin iska in ta yi yawa, da matatar mai, don injin firij yana tofo mai a cikin iska. Samfefa da fila da tef da tina duk akwai a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Tinar masu fentin mota tana wanke alƙalami tas, amma kada a zuba ta a jikin kayan roba, narkar da su take yi.

Fenti shi ne inda za ku ɗan sha wuya. Mr. Color da Gaia Notes, waɗanda ake ji da su a nan, masu kamawa da wuta ne, ba a yarda a sa su a jakar jirgin sama ba, balle gwangwanin feshi. Kada ku ɗora wa alhaji ko ɗalibin da zai dawo gida wannan nauyin. Na ruwa irin Vallejo na Sifaniya ya fi sauƙin samun hanya. Kowanne ka samu, ka tsinka shi ya yi ruwa-ruwa kamar madarar shanu, ka fesa siriri ka bari ya sha iska, ka sake bi. Yanayin Kano kuma yana da nasa hali. Da hunturu fentin ruwa yakan bushe a kan tsinin allura tun bai fita ba, sai an ɗiga masa maganin jinkirta bushewa, ga ƙura da ke sauka a kan ɗanyen fenti. Babban kwali ko robar ajiya mai murfi ta wadatar, kana gamawa ka kife. Da damina matsalar ta juya: laima ta sa fenti mai tina ya yi fari-fari, ruwa kuma ya taru a tiyo ya tofo maka a tsakiyar aiki.

Takunkumin kyalle irin na lokacin korona ba ya tare tiririn tina. A nemi mai kwalabe biyu irin na masu fentin mota, a yi aiki kusa da taga, yara ƙanana su yi nesa. Wanda ya nace sai ya taɓa rezin, ya riƙa jiƙa samfefarsa da ruwa, garin rezin ba abin shaƙa ba ne.

Alƙalamin nan kuma ba na wasa kaɗai ba ne. Da shi ake yi wa kek ado, da shi ake zane a hular kwano da murfin waya, ɗaliban zanen gine-gine ma suna fenta samfurin gidajensu da shi. Na kek dai a ware shi daban, kada ya taɓa ganin tina. Kafin ku kai nan, ku yi yadda masu fentin nan suke yi in za su gwada sabuwar kala: a bayan cokulan roba suke fesawa. Ku shiga Ƙofar Wambai ku sayo leda guda ta fararen cokula, ku fara da ɗigo, sannan layi, sannan shafe bayan cokalin gaba ɗaya ba tare da fenti ya zubo ba. Wanda ya iya wannan ya turo mini hoto, sai mu yi maganar jirgin da zan saka masa a kayan mai tahowa.