Land Cruiser cikin kwali: wata biyu ina haɗa motar da ba ta tafiya

Da ɗan yayata ya zo hutu daga Faransa ya miƙo mini kwalin, na ɗauka mota ce gamammiya a ciki, irin ta wasan yara. Hoton murfin ne ya ruɗe ni: Land Cruiser samfurin 80, tsaye ƙyam kamar yanzu ta fito daga kanti. Ina buɗewa sai ga tarkacen roba manne jikin wasu firamomi, da tayoyi cikin leda, da takarda mai zane-zane.

"Kawu, ai kai za ka haɗa ta da hannunka," in ji shi, yana dariya. "Ba kai ke ba mu labarin motar kara kullum ba?"

Ya san inda ya taɓa. Mu da muka tashi a unguwar Birni ta Damagaram ba a saya mana mota, mu ke ƙera abarmu da karan dawa da langa-langa, tayoyi kuwa tsohon silifa ne muke yankawa. Samfurin 80 ɗin ma da gangan ya zaɓe shi. Irinta marigayi baffana ya tuƙa shekara da shekaru a hanyar Tanut zuwa Agadas. Toyota ta yi ta ƙera wannan samfuri daga 1990 zuwa 1997, kuma har gobe ba ka rasa ganinta a garejojin Damagaram.

Wani kamfanin Japan ne ya yi kayan, a ma'aunin 1/24, wato kowane abu na motar gaske an rage shi sau 24. Motar da tsawonta ya kusa mita 5 ta dawo santimita 20, taƙi ɗaya ke nan na hannun babba. Da na matsa wa yaron ya faɗi kuɗinta, ya ce yuro 40. A canjin sefa 656 kowane yuro, jaka 26 ne da ɗoriya, wato sefa dubu 26 da 'yan kai. Na yi shiru, don na san abin da jaka 26 ke saye a Kasuwar Dole.

Aikin robar kansa ba ni da abin cewa sai yabo. Kowane ɓangare da lambarsa a jikin firam, takardar kuma zane ce mataki-mataki, ko ba ka karanta rubutun ba idonka zai kai ka. In ka haɗa abu biyu sai ka ji sun zauna daram, ba sai ka danna ba. Inda suka fi burge ni shi ne ƙarƙashin motar, wurin da mai kallo ba ya gani. Na kai wa wani bakanike abokina, ya juya ta a tafin hannunsa, ya kai ta kusa da ido, ya ce, "Mushe, waɗannan mutanen sun shiga ƙarƙashin mota da gaske." (Mushe dai haka ake kiran malamin makaranta a nan.) Sifirin ya nuna mini. Samfurin 60 da ya gabace ta sifirin ɗinsa faifai ne jere bisa juna, na 80 kuwa naɗaɗɗe ne gaba da baya, kuma haka suka yi shi a robar, ga bututun hayaƙi ya bi hanyarsa, ga tankin mai a mazauninsa. Da ƙyar na karɓe ta daga hannunsa.

Sitiyarin dai yana dama, don a Japan hannun hagu ake bi. Mu nan hannun dama muke bi tun zamanin Faransawa, maƙwabtanmu na Najeriya ma sun dawo dama a 1972. Duk wanda ya leƙa cikinta sai ya tambaya ko na yi kuskure ne.

Abin da ba a faɗa maka sai ka buɗe kwali shi ne babu gam, babu fenti, babu buroshi. Yaron ya ce ya so ya haɗo da su, amma gam da fenti kaya ne masu kama wuta, ba a bari a hau jirgi da su. Na zaga Kasuwar Dole da kantunan Zango, abin da na samu sai gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda ake liƙe takalmi da shi. Gam na asali da ake wannan aiki da shi narka fuskar robar yake yi kaɗan, ɓangarorin biyu su haɗe su zama abu guda, kuma yana ba ka lokacin gyara zama. Namu na kasuwa ba ya jira. Ya kama yatsuna biyu sau uku, ya kama kujerar direba a karkace. Mafi ciwo, na ɗiga shi a gefen gilashin baya, da gari ya waye na tarar tururinsa ya bar wani farin hazo a jikin gilashin, ba ya goguwa. Sauran gilasan da farin gam na kafintoci na kafa su, shi in ya bushe garau yake zama. Da na san haka tun farko da ban yi asarar na baya ba.

Yankan ɓangarori daga firam da abin yanke farce na yi, na bi da reza, na goge da samfefa mai laushi. Ƙananan kuwa da matsefatar cire ƙaya nake ɗaukarsu. Madubin gefe bai kai ƙwayar wake ba. Wata la'asar ina zaune bisa tabarma a tsakar gida, na matse shi da matsefata, sai ji na yi ƙit, ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi. Ni da yara uku muka duƙa muna lalube har aka kira magariba. Uwargida ce ta fito da rariyar tankaɗe, ta ce, "Malam, matsa." Ta kwashe rairayin wurin tana tankaɗewa, a zubi na huɗu sai ga shi ya tsaya tare da tsakuwa. Daga ranar cikin faranti nake aiki, a ɗaka.

Fenti shi ya cinye mini mako uku. Na fara zuwa wurin mai fentin mota, muka gwada nasa a kan ragowar firam, ruwan da yake sirka fentin da shi ya cinye robar ta yi yamutse kamar fatar tsohuwa. Allah Ya sa ba a jikin motar muka gwada ba. Na koma na sayi fentin gwangwani mai fesawa, fari, shi ma sai da na gwada a firam, na gane in ka tsaya nesa kamar taƙi ɗaya da rabi ka fesa sama-sama, ka bari ya sha iska, ka sake, ba ya cin robar.

Sai dai na manta watan da muke ciki. Janairu ne, hunturu ya kankama, hazo ya rufe duwatsun Birni. Na fesa da safe na ajiye bisa taga na tafi makaranta. Da na dawo, rufin motar kamar an barbaɗa masa garin gero, ƙura ta zauna cikin ɗanyen fenti ta bushe tare da shi. Kwana biyu ina gogewa da samfefa da ruwa. Karo na biyu na rufe ƙofa da taga, na yayyafa ruwa a daɓen ɗaki don ƙura ta kwanta, ina gama fesawa na kife robar wanki a kanta. Uwargida ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ruwan da na zubar, ta ce, "A Damagaram ake shayar da daɓe?" Ban tanka ba, don duk wanda ya taɓa jiran mai garuwa a garin nan ya san tana da gaskiya. Amma fentin ya fito sumul. Mai son gwadawa ya jira damina, lokacin da iska ba ta ɗauke da ƙura. Bazara ma ba lokacinsa ba ne, in zafi ya haura digiri 40 fentin bushewa yake tun bai sauka jikin roba ba, ya bar ta da kaushi.

Tambarin da rubuce-rubucen jikin mota a wata takarda suke, ana tsoma ta cikin ruwa mai ɗumi jim kaɗan, sai fatar rubutun ta saki, ka zame ta zuwa mazauninta. Biyu sun yage a hannuna, sauran sun zauna.

Ina da ƙananan motocin ƙarfe goma sha wani abu da na tsinto a gwanjo, Majorette na Faransa da Matchbox da Hot Wheels, yawancinsu ba su wuce tsawon yatsa ba. Waɗannan saye ne kawai ka jera. Wannan kuwa na san kowane lungu nata, har da kujerar da ta karkace. Ga babba mai haƙuri da idon gani, ta ci kuɗinta, da sharaɗin ya tanadi gam da fentin da suka dace kafin ya buɗe kwali. Yaro ɗan ƙasa da shekara 14 kuwa kada a saya masa, kuka za a yi. Na riga na gaya wa ɗan yayata in zai dawo ya nemo mini babbar mota, na ji kamfanin Italeri na Italiya yana yin su a wannan ma'auni na 1/24. Burina in yi mata lodi irin na motocin hanyar Dirku, buhuna da jarkoki har sun rufe gefe.

Yanzu tana cikin kabet ɗin uwargida, tsakanin kwanonin tangaran, nan kaɗai ƙura ba ta kai. Ranar Juma'a ɗan maƙwabcinmu ya shigo yana jan motarsa ta waya, mai dogon sitiyari har ƙirji. Na ɗauko tawa na nuna masa. Ya duba gaba, ya duba baya, ya leƙa ciki.

"Mushe, tana tafiya?"

Na ce a'a, ta kallo ce.

"To tawa ta fi," in ji shi, ya karya kwana a bakin zaure ya fice.