Olympus TG-6: kyamarar da nake fita da ita jiyokashin a Legas

In dai jiyokashin za ka yi a Legas, kada ka fara da tambayar megapiksel nawa kyamara take da shi. Ka fara tambaya ko za ta jure ruwan Yuni, da gumi, da yashin bakin teku, ta kuma shige aljihun riga ba wanda ya san kana ɗauke da ita. A kan wannan na zaɓi Olympus Tough TG-6. Ta hannu na saya a Computer Village da ke Ikeja, kuma har yau ita nake ratayawa duk ranar fita.

Ga wanda bai san wasan jiyokashin (geocaching) ba: wani ne zai ɓoye ɗan gwangwani ko roba mai ɗauke da takardar sa hannu, ya ɗauki lambobin wurin da GPS, ya ɗora a manhajar Geocaching. Kai kuma ka bi lambobin har ka gano, ka rubuta sunanka, ka mayar yadda ka tarar. An fara shi a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS ta farar hula. Wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya sanar da lambobin a intanet. Yanzu ɓoyon ya haura miliyan 3 a duniya, amma na Legas ba su taka kara sun karya ba. Shi ya sa ni da wasu abokai daga Agege da Mile 12 muke ɓoye wa juna, mu yi musayar lambobi a WhatsApp, ranar Lahadi da hanya ta ɗan yi sauƙi mu bazama.

Tambayar da kowa yake yi min ita ce, ina wayarka? Wayata tana kan aikinta, ita ke nuna taswira da sauran tazara, kuma GPS da hasken sikirin suna shan batir ba kaɗan ba. Sannan wayar nan a cikinta bankina yake, da lambobin duk waɗanda nake ciniki da su. Ba zan miƙa ta cikin kwalbati da hannu mai taɓo don in ga abin da ke bayan bututu ba, ba kuma zan riƙa ɗaga ta sama a bakin titi inda mai babur zai iya fizgewa ba. Ina son abu na biyu wanda aikinsa ke nan, ya sha wahala.

TG-6 ta fito a 2019, kuma don wahalar aka ƙera ta. Kamfanin ya ce tana nutsewa a ruwa har mita 15, tana jure faɗuwa daga mita 2.1, da danniyar kilo 100, ƙura kuma ba ta shiga. Nauyinta giram 253 da batir da mimori. Ban taɓa kai ta mita 15 ba, amma a jirgin ruwan da ke kai mutane Tarkwa Bay, lokacin da feshin teku ya sa kowa ya cusa wayarsa a leda, ni ina ta ɗaukar manyan jiragen dakon kaya da ke shigowa tashar Apapa. In na dawo gida sai in tsoma ta a bokitin ruwan famfo na ɗan lokaci, in daddanna maɓallan don gishiri ya fita, in goge, in bar ta ta bushe kafin in buɗe murfin batir. Wannan wankin ba na wasa da shi, domin gishirin teku shi ne babban abokin gabar robar da ke tare ruwa.

Abin da ya fi burge ni kuwa, wanda ban saye ta dominsa ba, shi ne ɗaukar abu na kusa-kusa. Akwai wani saiti mai alamar madubin likita a kan abin murzawar baya, wanda ke ba ka damar matsawa har santimita 1 daga abin da kake ɗauka. Wasu ɓoyon ƙanana ne ƙwarai, ba su fi kan ɗan yatsa ba, da maganaɗisu a gindi, ana manna su a ƙarƙashin benci ko jikin ƙarfen shinge. Takardar ciki siririya ce a naɗe, sai da hantsaki ake zaro ta. Wata Lahadi a Surulere na zaro irin wannan, danshi ya riga ya taɓa tawadar, sunayen waɗanda suka riga mu sun yi dishi-dishi. Na shimfiɗa ta a kan gwiwata, na kunna ’yar fitilar kyamarar, na ɗauka. Da na faɗaɗa hoton sai ga kowane harafi, har da inda biro ya huda takardar. Na tura wa mai ɓoyon don ya san lokacin canza takarda ya yi. Yawancin wayoyin da muke riƙewa, da ka matso haka hoton ya watse.

Tana da GPS da kamfas, amma a nan mutane suke ruɗewa. Ba za ta kai ka wurin ɓoyo ba. Ba ta da taswira, ba a loda mata lambobin da za a bi. Aikin GPS ɗinta shi ne ta rubuta a jikin kowane hoto inda aka ɗauke shi, in kuma ka tura ɗan makunnin da ke samanta zuwa LOG, ta riƙa ajiye hanyar da ka bi ko da a kashe take. Yana da amfani in kana neman sabon wurin ɓoyo: ka ɗauki wurare daban-daban, ka dawo gida ka duba kowanne a taswira. Sai dai barin makunnin a kunne yana cin batir, kuma tsakanin dogayen benaye na Marina ko ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa, kowace GPS tana kuskure da mitoci da dama. Ka kuma kiyaye da wannan: hoton da ke ɗauke da lambobin wuri, in ka tura shi a matsayin fayil, ka tona asirin ɓoyon ga duk wanda ya san inda zai duba.

Sai maganar ido, wadda a ganina ta fi duk waɗannan muhimmanci a garin nan. Mutum yana leƙe-leƙe a gindin katanga, yana laluben bayan allon talla, dole a tsargu da shi. In ka haɗa da babbar kyamara mai dogon baki a wuya, ka gayyato tambaya daga masu tsaro da kuma matasan tasha masu neman a ba su wani abu kafin a ɗauki hoto. TG-6 tana zuwa ja da baƙa. Baƙar na ɗauka da gangan. A Ikoyi wani dattijo mai gadi, mutumin Sakkwato, ya daɗe yana kallona daga kan bencinsa kafin ya taso.

“Samari, lafiya? Wani abu ka yar?”

“Lafiya lau, Baba. Wasa ne muke yi da abokai, sun ɓoye min abu a nan.”

Na nuna masa hotunan da ke cikin kyamarar, na gwangwanayen da muka samo a baya da takardunsu. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya ce ai ya ɗauka rediyo ce, sannan ya nuna min da haɓa wajen wata tukunyar fulawa inda ya ga wani yaro ya durƙusa makon jiya. Tun daga nan nake barin tsofaffin hotuna a mimori, domin sun fi dogon bayani saurin kwantar wa mutum da hankali. Kusa da bariki, ofishin ’yan sanda ko filin jirgi kuwa, ba ma ɓoyo, ba ma ɗaukar hoto.

Tana da iyakarta, kuma gara a faɗa. Ƙwayar da ke karɓar haske a cikinta ƙarama ce, megapiksel 12, don haka da magariba ta kawo jiki hoton yakan yi tsaki-tsaki. Waya mai tsada ta fi ta aiki da dare nesa ba kusa ba. Jawo abu kusa ninki 4 kawai take yi. A Lekki Conservation Centre, a kan doguwar gadar nan ta saman bishiyoyi mai mita 401, za ka ɗauki daji da sararin sama yadda kake so, amma tsuntsun da ke can nesa ɗigo zai fito. Birai kam suna matsowa da kansu, sai ka riƙe igiyar hannu da kyau. Ba ta da wurin leƙawa da ido, sikirin kaɗai ne, kuma ba na taɓawa ba ne, wanda ni na ɗauke shi alheri tunda jiƙaƙƙen yatsa ba ya aiki a kan sikirin. Batir ɗaya an ƙiyasta masa hoto 340. Ina tafe da na biyu.

Na duba wasu kafin in tsaya a kanta. GoPro, ƙaramar kyamarar da ake maƙalawa a jiki ko a hula, ta fi dacewa da bidiyo, idonta mai faɗi ne, ba ta ganin ƙaramin rubutu na kusa. Ricoh WG-6 abokiyar takara ce ta gaske, tana zuwa mita 20 a ruwa, tana da GPS da fitilu shida kewaye da idonta, amma idon TG-6 ya fi buɗewa, wato ya fi shigar da haske, f/2.0 ne a faɗinsa, ga shi tana ajiye hoton RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, ga mai son gyara. Akwai kuma TG-7 da ta fito a 2023 da sunan OM System, bayan Olympus ya sayar da sashen kyamarorinsa. Cikinsu kusan ɗaya ne, babban bambancin da za ka ji a hannu shi ne cajin USB-C maimakon tsohon ƙaramin bakin. TG-6 ta fito a kan dala 449, TG-7 a kan dala 549, kuma da yadda canji yake yanzu ban ga dalilin ƙarin ba in ka sami TG-6 mai lafiya. Wanda kuma a cikin gari kaɗai yake yawo, da rani, da waya mai jure ruwa, ya riƙe kuɗinsa.

In ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka buɗe murafenta biyu, na batir da na caji. Kowanne makulli biyu gare shi, su kulle da ƙarfi. Ka bi robar da ke kewaye da bakin murfin da ido a cikin haske: in ta tsage, ko ta bushe, ko ka ga farin gishiri ko tsatsa a ƙarafunan batir, ajiye ta ko nawa aka rage maka. Ka haska fitilar waya cikin gilashin gaba ka nemi hazo ko ƙuraje. Ka zaro batirin ka aza a kan tebur, in ya kumbura ba zai kwanta daidai ba. Sannan ka roƙi mai shagon ya fito da kai waje, ka kunna GPS, ku tsaya a fili har ta kama. A Ikeja lambobin za su fara da 6 na arewa da 3 na gabas.