Injin isansi, na gas ko na sola: wanne ya dace da lambunka?

Tun da sanyi ya fara bugowa mutum uku suka tare ni da tambaya guda, ɗaya a ƙofar masallaci biyu a WhatsApp, wai suna son sayen injin ban ruwa, na isansi, wato fetur, za su ɗauka ko su daure su haɗa sola. Ni dai ɗan lambu gare ni cikin fadamar Gulbi wajen Tarna, bai wuce rubu'in hekta ba, rabi zogale, sauran salati da shu da tumati da ɗan albasar miya. Amma injin isansi da na gas da na sola duka na yi aiki da su, kuma kowanne ya ci mini kuɗi ta tasa hanya.

Kafin ka taka babbar kasuwa ka samu igiya da ɗan dutse ka auna inda ruwan rijiyarka ko forajinka ya tsaya. Kuma ba awon watan Nuwamba ba, lokacin da ƙasa ke ƙoshe da ruwan damina, awon Afrilu da Mayu nake nufi, sa'adda zafi ya kai maƙura ruwa ya gudu ƙasa. In sabon wuri ne ka tambayi maƙwabcin lambu. Ni ban yi haka ba. Shekarar farko na sayo inji mai inci 3 ina ta ɗagawa, watan Disamba yana amai da ruwa kamar an fasa gulbi, Maris na kamawa sai ƙara kawai yake yi, tiyo na rawa ba ɗigo. Na ɗauke shi bisa babur har sau biyu zuwa wurin makaniki. Kawuna da ke lambun gabas da ni ya zo ya leƙa ramin ya ce, "Kai yaro, injinka lafiya lau yake, ruwa ne ya fi ƙarfin hannunsa." Na ce, "Kawu, ai babba na saya." Ya yi dariya ya ce ko na jirgin sama ka ɗauko in dai a sama ka aje shi ba zai jawo ba.

Gaskiyarsa kuwa. Duk injin da ke zaune a saman ƙasa yana zuƙo ruwa, nauyin iskar duniya ne ke tura masa ruwan cikin tiyo, kuma wannan nauyin iyakarsa mita 10 da ɗan kai a lissafin takarda, a aikace kuma daga mita 7 zuwa 8 magana ta ƙare, tun ma kafin nan ruwan ya fara raguwa. Ba ruwan wannan doka da tsadar inji ko sunan kamfani. Shi ya sa in ka zaga lambunan fadamar Gulbin Maradi za ka ga an haƙa rami mita biyu, uku, wani har fiye, an sauke injin ciki don ya matso kusa da ruwa. Dabara ce tana aiki, amma hayaƙin inji yana taruwa cikin rami yana iya kashe mutum ba tare da ya ankara ba, ga ƙasarmu mai yashi da saurin ruftawa. Kada ka tura yaro ciki inji na aiki, don Allah. Tsofaffi suna cewa da can ruwa kusa yake, tun da aka yi madatsar Jibiya can gefen Katsina gulbi ya rage zuwa da ƙarfinsa, ga kuma masu ja sun yi yawa, kowa da forajinsa.

To in ruwanka kusa yake, na isansi shi ne mafi sauƙin shiga. Kuɗin sayensa bai kai na sola ba ko kusa, kana iya ɗaure shi bayan babur ka kai gida da dare, ka ba ɗan'uwa aro, ko ka yi haya da shi. Akwai mai inci 2 akwai mai inci 3. Na Honda na asali, a takarda mai inci 2 yana ba da kusan lita 600 a minti, mai inci 3 kuma ya haura lita 1,000. Tsofaffin masu lambu har yanzu Robin suke yabo. Sauran da suka cika kasuwa 'yan Sin ne masu kwaikwayon Honda, ja da fari iri ɗaya, wani har sunan an rubuta masa da canjin harafi guda. Ni ban raina su ba, don kayan gyaransu ko'ina akwai, buji, karbirato, igiyar tayarwa, duk makanikin babur na iya buɗe su. Abin da ban yarda ba shi ne a sayar maka da ɗan Sin da kuɗin na asali. In mai shago ya rantse na asali ne ka ce ya rubuta a takardar saye, za ka ga yadda murya ke sauka.

Kuma kada girma ya ruɗe ka irin yadda ya ruɗe ni. Ƙaramin foraj na hannu mai bututun roba ba ya iya ciyar da inci 3, minti kaɗan ya zuƙe ruwan ya fara jawo yashi da iska, yashin nan kuwa shi ke cinye farfelar ciki. Mai inci 2 ya ishi mafi yawanmu. Sabon inji ka juye masa baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kar ka bari ya wuce awa 100, a ƙurar nan tamu ma gara ka rage.

Ciwon na isansi kullum ne. Ka ƙaddara lita guda a awa, kana ban ruwa awa biyu a yini. Litar isansi a gidan mai tun Yulin 2024 sefa 499 ce, dala ɗari ba tamma guda, ke nan jika guda kullum, wata huɗu na rani jika 120 sun tafi cikin hayaƙi, ban da baƙin mai da gyara. Da can muna fakewa da 'yan ruwa-ruwa masu kwalabe bakin hanya, man Najeriya mai arha da ke shigowa ta Dan Issa, to tun da Tinubu ya cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan arhar ta wuce. Sannan ka tuna watan Maris na 2025 da isansi ya yi wuya a ƙasar nan, layi a gidajen mai kamar na rabon zakka, ni da jarka a hannu ina tunanin salatina da ba ya jure kwana biyu ba ruwa.

Daga nan ne na mai da nawa na gas. Ba wani sabon inji ba ne, wannan dai na isansin ne ake sa wa tiyo da ɗan kan da ke daidaita gas ya shiga ta karbirato, ka jona butel ɗin girki. Tunda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitar da gas, kuma farashin hukuma na butel mai kilo 6 sefa 1,800 ne, lissafin yana daɗi, ni dai na ga sauƙi sosai a aljihu. Amma yana da halinsa: ƙarfin inji na ɗan raguwa, in butel ta kusa ƙarewa ko an ja da yawa sai ka ga ta yi sanyi har raɓa ta kwanta mata, injin ya fara tari. Gas ɗin ma yakan ɓace a gari ka bi dillalai uku ba ka samu ba, in ka samu an ɗora. Sai kuma rigimar gida, don ranar da na ɗauke butel ɗin uwargida na kai lambu na dawo na tarar da tukunya bisa murhun itace da fuskar da ba ta dariya. Ka sayi taka daban. Ka riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa yana yoyo, kuma butel ba ta shiga rami, gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya.

Yanzu sola, wadda kowa ke ɗoki. Babban abin da ta fi sauran da shi ba ma rashin shan mai ba ne, famfonta cikin ruwa ake zura shi yana turowa sama, don haka dokar mita 7 ɗin nan ba ta kama shi. Ruwanka ko yana mita 15 ko 20 zai fito. In awonka na Mayu ya wuce mita 8, kar ma ka ɓata lokaci kana kwatantawa, nan za ka.

Sai dai sola ba ta da gaggawa. Ga lissafin da nake so kowa ya yi kafin ya ba da kuɗi: kayan lambu lokacin zafi suna shan lita 6 zuwa 8 a kowace murabba'in mita a yini. Rubu'in hekta murabba'in mita 2,500 ne, ke nan lita 15,000 zuwa 20,000, wato tano mai lita 200 guda 75 zuwa 100 kullum. Ƙaramin famfon sola mai ba da lita 2,000 ko 3,000 a awa, rana mai ƙarfi kuma awa biyar zuwa shida ce, ka ga da ƙyar yake rufe wannan. Mai hekta guda da ya sayi irin wannan ya yaudari kansa. A jikin kwalin za ka ga an rubuta iyakar tsawon da yake turawa da iyakar ruwan da yake bayarwa, mai shago zai karanto maka su biyun tare kamar lokaci guda suke faruwa, alhali in ya kai iyakar tsawo ruwan da ke fita kusan babu. Ka ce masa, "Alhaji, a mita 15 lita nawa yake ba da wa?" In akwai takardar da ke nuna haka cikin kwali ku duba tare, in ya fara kame-kame ka gaishe shi ka wuce shago na gaba.

Famfon iri biyu ne. Akwai mai ƙarfe murɗaɗɗe cikin roba, yana tura ruwa nesa da fanno, wato farantan sola, kaɗan amma yashi ne ajalinsa. Akwai mai farfela, ya fi yawan ruwa in zurfin bai yi yawa ba kuma ya fi haƙuri. Ka auna faɗin bututun forajinka kafin ka saya, na ga wanda ya kawo famfo ya ƙi shiga. Ka tabbatar akwai 'yar na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ƙafe, don in ya yi ta juyawa a bushe ƙonewa zai yi. Lorentz na Jamus da Grundfos na Danmak su ne manya, irin waɗanda ake sa wa a forajin ƙauyuka, kuɗinsu ba na ɗan lambu ba ne. Mu 'yan Sin muke saye, to ka saya wurin wanda ke da shago tsayayye da mai haɗawa da za ka iya kira, don in akwatin da ke sarrafa wutar ya lalace makanikin babur ba abin da zai iya yi maka.

Batir kuwa, ni shawarata kar ka saya. Za a ce maka don ka yi ban ruwa da asuba ko da yamma. Zafin Maradi yana cin batir da wuri, kuma shi ne ya fi komai tsada in an zo canji. Da kuɗin gara ka gina basan na siminti a wuri mai ɗan tudu, famfo ya yi ta cika shi da rana tsaka, kai kuma ka saki ruwa da la'asar. In da hali ka binne bututun roba irin wanda ake ce wa kaliforniya, ruwan da ke ɓacewa cikin yashin lambatu ba kaɗan ba ne.

Fannon su kalli kudu, a ɗan kishingiɗe su kamar digiri 15. Lokacin hunturu ƙura na kwanciya kansu har ka rubuta sunanka da yatsa, ruwa ya ragu ka ɗauka famfo ne ya lalace, alhali tsumma da ruwan buta ne maganin, da safe kafin gilashin ya yi zafi. Sai ɓarayi. Inji kana kai shi gida, fanno kuwa can suke kwana. Nawa walda aka yi musu cikin firam na ƙarfe bisa dogayen ƙafafu, duk da haka sai da na sa mai gadi, wannan ma ka sa shi cikin lissafi.

Mai ɗan fili cikin gari kusa da layin NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, yana iya sa famfon kuran, ya fi arha wajen saye, ai da wutar lantarki ake jan ruwa a gandun Jiratawa mai sama da hekta 500. Amma wutarmu ta layin Katsina take zuwa, kuma ba wanda ya manta yadda aka yi daga Agustan 2023 da Najeriya ta yanke ta. Mai 'yan fangali kaɗan bayan gida kuma, ruwa kusa, famfon ƙafa irin Niyya da Ƙoƙari ya ishe shi in ya samu mai ƙera shi, ba mai ba wuta sai cinya.

Mutum ukun nan ga abin da na ce musu. Na farko hayar lambu yake yi shekara-shekara, ruwa mita 5, na ce ya ɗauki mai inci 2 ya mai da shi gas, ba a kafa fanno a gonar aro. Na biyu filinsa ne na gado wajen Safo, zogale zalla, shi kuwa zogale shekara duka ake yanka ana kai wa mata masu dafawa, ruwa kuma ya yi nisa, na ce sola da basan ko da zai sayar da rago biyu. Na ukun bai auna ruwansa ba, yana ta tambayata wane kamfani ya fi, na ce ya je ya dawo.

Ni yanzu sola ke aikin yau da kullum, tsohon injin yana ɗaki na aje shi don ranar da hazo ya rufe gari ko aka yi sabon dashe mai son ruwa da yawa lokaci guda. Wani abin da ban zata ba shi ne shirun. Da can in inji na ruri ko sallama ba ka ji, yanzu 'yar rediyona na rataye a reshen mangwaro ina jin Anfani, in an sako kalangu ko gurmi har kawu na ɗaga murya daga nasa lambun wai in ƙara sauti. Jiya ma da azahar ana cikin haka aka kawo mana kwaɗon zogale da ƙuli da ɗan yaji, muna ci basan na cika, sai ga na ukun nan ya aiko saƙo wai ya zura igiya ta ba shi mita 6, amma fa jiya ya auna, watan Disamba.