Oppenheimer da Killers of the Flower Moon: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske fim ɗin Oppenheimer ya fi Killers of the Flower Moon, tunda a bikin Oscar, wato babban bikin ba da kyaututtukan fina-finai na Amurka, na 10 ga Maris 2024 na farkon ya kwashi kyaututtuka bakwai, na biyun kuwa ya shiga takara a rukuni goma amma ya tashi a tutar babu. Ga yadda ni na gan su.

Dukkansu labarin mutumin da ya tafka ɓarna ne, bambancin kawai inda kowane darakta ya zaunar da mai kallo. Christopher Nolan ya sa ka cikin kan J. Robert Oppenheimer, wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, Martin Scorsese kuma a Killers ya zaunar da kai a bakin gadon wadda ake kashewa a hankali.

Oppenheimer awa uku ne cif, amma ba ya barin ka shaƙi iska. Yanzu kana Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin a Amurka, an jima kana ɗakin tuhumar 1954 inda aka ƙwace wa Oppenheimer izinin sanin sirrin gwamnati, sai kuma a jefa ka zaman majalisar dattawa na 1959 a hoton baƙi da fari, inda Robert Downey Jr. ya fito a Lewis Strauss, jami'in gwamnatin da ya yi wa Oppenheimer zagon ƙasa. Wurin gwajin bam na 16 ga Yuli 1945 kam sai jinjina: haske ya tashi, komai ya yi tsit, numfashin mutane kaɗai kake ji, sai can daga baya ƙarar ta iso. Inda nake da ja da fim ɗin shi ne ba a nuna Hiroshima da Nagasaki, biranen Japan da aka jefa wa bam ɗin, ba. Damuwar Cillian Murphy, wanda ya fito a Oppenheimer, muka gani a fuskarsa, waɗanda wutar ta ci kuwa sai a cikin tunaninsa.

Killers ya fi tsawo, awa uku da minti 26, kuma tafiyar hawainiya yake yi. Jami'in bincike na tarayya ma ba ya bayyana sai an ci kusan awa biyu, shi ya sa wasu suka yi gyangyaɗi. Ban ga laifinsu ba. Amma duba abin da ke ciki: 'yan ƙabilar Osage a jihar Oklahoma, a shekarun 1920, Allah ya huwace musu arzikin man fetur, sai aka riƙa auren matansu ana kashe danginsu don cin gado. Ernest, wato Leonardo DiCaprio, yana son matarsa Mollie, kuma shi ne dai yake gauraya guba a allurar ciwon sukarinta bisa umarnin kawunsa, Robert De Niro, wanda yake zuwa ta'aziyyar mutanen da shi ya sa a kashe. A ƙarshe Mollie ta tambayi mijin me yake sa mata a allurar. Ya ce magani ne kawai. Ba ta ce uffan ba, ta miƙe ta fita. Wannan miƙewar ta Lily Gladstone, wadda ta fito a Mollie, ta fi girgiza ni fiye da tashin bam. Ta ci kyautar Golden Globe, amma Oscar Emma Stone ce ta tafi da shi, har yau ban gama haɗiye wannan ba.

To me ya sa Oppenheimer ya yi zarra? Ya tara sama da dala miliyan 900 a sinima, ya riga ya lashe kyaututtukan fina-finai na Golden Globe da BAFTA, ga shi Nolan bai taɓa cin Oscar ba kafin nan, masu zaɓe suna ganin lokacinsa ya yi. Scorsese kuwa ya ci nasa tun 2007, kuma ba yau farau ba: fim ɗinsa The Irishman ma rukuni goma ya shiga a 2020, ko ɗaya bai samu ba.

In batun ɗaukar hoto, kiɗa da tace fim ne, na sallama wa Oppenheimer ba gardama. Amma da ƙuri'ar gwarzon fim a hannuna take, Killers zan jefa wa. Sai dai kada ka kunna shi da tsakar dare kana gajiye, ba za ka kai wurin allurar ba.