Ƙaramar kyamarar aljihu ko DSLR: wacce ta dace da mai farawa?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tsakanin Canon IXUS 185, ƙaramar ta aljihu, da Nikon D3500, wadda ita ce DSLR, wato babbar kyamara da ake sauya wa gilashi, da kika ce an nuna miki, don hotunan yara da na tafiye-tafiye, ki ɗauki ƙaramar. Amma ki san abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba kafin ki miƙa kuɗinki.

IXUS 185 da batirinta da katinta nauyinta wajen giram 126 ne, ba ta kai yawancin wayoyin yanzu nauyi ba. Tana shiga jaka ko aljihu, ki danna maɓalli ɗaya gilashinta ya fito, kin shirya. Abin da ta fi waya da shi shi ne zum na gaskiya, ninki 8, kwatankwacin milimita 28 zuwa 224 a ma'aunin gilashin kyamara. Gilasan ciki ne suke motsawa su jawo abu kusa, yayin da yawancin wayoyi yanke hoton kawai suke yi su faɗaɗa shi. Yaro yana wasa a can ƙarshen fili, kina zaune inda kike za ki cika hoton da fuskarsa, bai ma san ana ɗaukarsa ba, balle ya daskare ya yi murmushin dole. Irin wannan hoton ne yake sa mutum ya so kyamara. Sannan filashinta na gaske ne, walƙiya ɗaya mai ƙarfi, mai tsayar da motsi cak. Fitilar waya ba ta yin haka. A cikin ɗaki, daga mita ɗaya zuwa uku, fuska takan fito tas, launi ya zauna. Bayan mita uku haskensa ya ƙare, kada ki wahalar da batir.

Kuma tana koya wa hannu abin da ya kamata ya fara sani. Ki danna maɓallin ɗauka rabi, ki jira ƙaramin akwatin da ke kan allon kyamarar ya zama kore, sannan ki ƙarasa dannawa a hankali, gwiwoyin hannunki a manne da jiki. Yawancin hotunan masu farawa da ke fitowa dishi-dishi daga nan matsalar take: sun danna gaba ɗaya kafin kyamara ta saita ido. Idan kin saba, ki bar Auto, inda kyamara ke saita komai da kanta, ki koma P, inda take barin ki canza wasu saiti. A nan za ki iya tsayar da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, a 100 ko 200 da rana, kada ki wuce 400, ki kuma rage haske da matakin -1/3 ko -2/3 idan rana ta take, don kada farin kaya da sararin sama su ƙone su koma fari fat.

Rauninta a sensa yake, wato farantin da haske ke sauka a kai. Nata kusan milimita 6 ne da 4 da rabi, na D3500 kuwa 23.5 da 15.6, ya ninka shi wajen sau 13 a girman fili. Shi ya sa da magariba ta yi, in ba filashi, hoton ƙaramar sai ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi, kuma waya mai kyau za ta doke ta a wannan lokacin. Megafiksel 20 da aka rubuta a jikinta ba ya gyara wannan. Wani abin kuma, 185 ba ta da na'urar hana girgiza a cikin gilashi, kuma idan kika zuƙe zum ɗin har ƙarshe ƙofar haskenta tana tsukewa zuwa f/6.9. Dogon zum sai da rana, ko ki jingina da bango. Idan kin samu IXUS 190 ko Sony W830, su suna da ita, kuma na fi son ki ɗauki ɗaya daga cikinsu a kan 185. Bidiyonta 720p ne kawai, ki bar wa waya wannan aikin. Batirin NB-11L yana ba da hoto ɗari biyu da 'yan kai, don haka ki sayi na biyu tun ranar farko.

D3500 fa? Hotonta ya fi kyau, babu musu, batirinta kuma ya haura hoto 1,500. Sai dai da gilashinta na milimita 18-55 ta wuce giram 600, tana son jakarta daban, zum ɗinta ninki 3 ne, kuma sai kin zauna kin koyi saiti ko kin ƙara sayen gilashi kafin ki ga bambancin da ake faɗa. In ba sana'ar hoto kika nufa ba, a kabad za ta ƙare.

Abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa: tunda waɗannan ƙananan kyamarori suka dawo yayi, 'yan damfara sun cika kasuwarsu. Akwai wasu marasa suna da ake rubuta wa “48MP 4K, 16x zoom” a kwali. Sensar cikinsu ba ta kai ko kusa da lambar ba, manhaja ce take kumbura hoton. Gwajin mai sauƙi ne: ki danna zum ki kalli gilashin. Idan bai fito ya koma ba, kuma ba ki ji motsi a ciki ba, ki ajiye musu kayansu.

Ta hannu kuma, wadda ita za ki fi samu tunda an daɗe da fitar da waɗannan samfuran, kada ki yarda da “tana aiki, caja ce kawai babu”. Wannan maganar sau da yawa rufa-rufa ce. A kunna ta a gabanki, ki kashe ki kunna sau biyar. Gilashin ya fita ya koma sumul, ba ƙara ba tsayawa, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin haƙoransa ke kawo saƙon “lens error”, wato gilashi ya maƙale, kuma gyaransa kan ci kusan kuɗin kyamarar. Ki ja zum har ƙarshe ki ɗauki farin bango, ki duba hoton: tabo mai duhu da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, kuma a irin wannan kyamarar ba a goge ta sai an kwance ta gaba ɗaya. Ki haska tocila cikin gilashin, in kin ga zare-zare fari, fumfuna ce. Ki zaro batirin ki ɗora a kan teburi, idan yana lilo ya kumbura. Ki gwada filashi, ki tabbatar murfin batir yana kullewa.

Katin memori ma ana yin jabunsa, a rubuta 128GB alhali cikinsa bai kai ba, sai hotuna su riƙa ɓacewa bayan ya cika. SDHC mai 16 ko 32GB ya ishe ki, ki gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw mai auna ainihin girman kati, sannan ki yi masa fomat a cikin kyamarar kanta. Idan kuma aka kawo miki wata tsohuwa ta kafin 2006, ki tambayi katin da take ci: wasu ba sa karɓar SD da ya wuce 2GB, tsofaffin Olympus da Fujifilm xD suke so, tsofaffin Sony kuma Memory Stick, kuma samun waɗannan yanzu aiki ne.