Microsoft PC Manager: abin da take gyarawa da abin da ba hurumin ta ba ne

PC Manager manhaja ce ta kamfanin Microsoft, kyauta ake ba da ita, ana sauke ta daga Microsoft Store, kuma tana aiki a kan Windows 11 da Windows 10 daga siga ta 1809 zuwa sama. A 2022 aka fara gwajinta. Yawancin abin da ke cikinta ba sabo ba ne. Kayan gyara ne da dama can suke warwatse a lungunan Windows, sai aka tattaro su a ƙaramar taga ɗaya: share shara, kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, binciken birus, neman manyan fayiloli. Ga wanda bai saba yawo a cikin Settings ba, wannan tattarawa kaɗai ta isa dalilin sauke ta. Matsalar ita ce abin da ya fi jan ido a fuskarta, wato babban maɓallin nan mai suna Boost, shi ne ya fi ƙarancin amfani.

Idan ka danna Boost abu biyu ke faruwa. Ana share fayilolin wucin-gadi, sannan adadin RAM (ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta) da ake amfani da shi ya sauka, misali daga kashi 85 cikin ɗari zuwa 60. Ganin wannan sauka yana sanyaya zuciya, amma ka bar kwamfutar ta ci gaba da aiki na 'yan mintoci ka sake dubawa, za ka tarar adadin ya hau ya koma kusa da inda yake. Dalilin a fili yake. RAM teburin aiki ne, faifan ajiya kuwa akwati ne a gefe. Boost ba ya faɗaɗa teburin, kwashe takardun da ke kai yake yi ya tura gefe, kuma duk takardar da ake aiki da ita dole a sake ɗauko ta. A kwamfutar da ke da SSD, wato sabon faifai mai sauri wanda ba ya juyawa, ba za ka ji wannan kai-komo sosai ba. A mai tsohon faifai mai juyawa kuwa, wanda ke karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa in aiki ya yi kyau, za ka ga burauza ta ɗan daskare lokacin da ka koma shafin da ka bari. Wato a kwamfutar da ta fi bukatar taimako, a nan ne Boost ya fi iya jawo tsaiko.

Akwai kuma abin da ya kamata a fahimta: RAM da ke zaune babu komai a ciki ba riba ba ce. Windows da gangan take cika wurin da ya rage da abubuwan da take tsammanin za ka buɗe, kuma tana sakin wurin nan take idan wata manhaja ta nema. Tun daga Windows 10 ma tana matse bayanai a cikin RAM kafin ta kai ga tura su fayil ɗin pagefile.sys da ke kan faifai. Saboda haka kashi 70 ko 75 ba alamar ciwo ba ce. Don haka ne ma ban ga dalilin kunna Smart boost ba, wanda ke yin wannan aiki da kansa duk lokacin da RAM ta cika ko fayilolin wucin-gadi suka kai gigabait 1. Bar shi a kashe.

In kana son sanin gaskiyar abin da ke damun kwamfutarka, Task Manager ya fi PC Manager faɗa maka. Danna Ctrl, Shift da Esc tare a daidai lokacin da nauyin ya taso, ba bayan ya wuce ba. Shiga Performance, ka zaɓi Memory, ka dubi layin da aka rubuta Committed. Lambar farko ita ce jimillar abin da manhajoji suka nema. Idan RAM ɗinka gigabait 4 ce kuma wannan lamba tana kai 7 ko 8 a aikinka na kullum, to babu wata manhajar shara da za ta cece ka, RAM ce ta yi kaɗan. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, kuma ita kanta takan cinye fiye da rabinsa kafin ka buɗe komai. Gigabait 8 ya wadatar da rubutu, imel da shafukan intanet masu matsakaicin yawa. Mai gyaran hoto ko bidiyo ya nemi 16. Sannan ka leƙa Disk a wannan shafi. Idan yana maƙale a kashi 100 alhali RAM ba ta cika ba, faifan ne ya gaza, kuma sauya shi da SSD, wanda ko mai haɗin SATA yana kai megabait 500 a daƙiƙa, zai canja kwamfutar fiye da duk wani abu da za ka danna.

A wannan shafin na Memory za ka ga gudun RAM ɗin da adadin ramukan da aka cika, misali 1 cikin 2. Kafin ka sayi ƙari ka tabbatar da nau'in: DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasan kowanne a wuri daban take, kuma kwamfutar cinya gajeren sanda take ɗauka mai suna SO-DIMM. Wasu siraran kwamfutoci an narka RAM ɗinsu a jikin allo, ba a ƙara musu komai. Irin waɗannan sai dai a rage musu kaya: kunna Memory Saver a Chrome ko a bar Edge ta riƙa kwantar da shafukan da ba a taɓawa, a cire ƙarin kayan burauza da ba a amfani da su, kuma a daina barin shafuka talatin a buɗe. PC Manager ba ta faɗin ko ɗaya daga cikin wannan, kuma ina ganin babban giɓi ne ga manhajar da ta sa RAM a gaban goshinta.

Inda ta yi abin kirki shi ne sashen manhajojin da ke tashi da kwamfuta. Jerin a bayyane yake, kowacce da makunninta. Manhajojin hira, na kiɗa, na wasanni da masu duba sabuntawar kansu duk suna son su tashi tun kafin ka nemi su, su zauna a RAM har dare. Kashe su a nan ba ya goge su, za ka buɗe su da hannu idan bukata ta taso. Abin da za ka bari shi ne na tsaro, na sauti da na allon taɓawa. Wannan gyara, saɓanin Boost, yana nan daram bayan ka kashe kwamfuta ka kunna. Sashen manyan fayiloli da na fayilolin da suka maimaitu shi ma yana da kyau, musamman ga kwamfuta mai ma'ajiyar gigabait 64 ko 128, domin idan faifan C ya cika maƙil, pagefile ba ya samun wurin faɗaɗa, sabuntawa ta ƙi shiga, manhajoji su fara rufe kansu. Ka yi ƙoƙarin barin aƙalla kashi 10 zuwa 15 na faifan a sake.

Sashen share shara mai suna Deep cleanup kuwa sai an karanta kafin a danna. Ragowar sabuntawar Windows da fayilolin wucin-gadi a share su ba komai. Kwandon shara ka buɗe ka duba tukuna, domin abin da ya fita daga can dawo da shi aiki ne. Amma ajiyar burauza, wato hotuna da sassan shafukan da ta adana don kada ta sake sauke su, ka cire mata alama idan da datar waya kake shiga intanet. Ka share ta yau, gobe duk shafin da ka saba shiga zai sake sauko da komai daga farko, kuma daga datarka za a cire.

Wannan ya kawo mu ga abin da manhajar ba ta taɓo ba sam, alhali shi ne kukan mutane da yawa: a haɗa kwamfuta da intanet ɗin waya, kafin a ankara data ta ƙare. Windows tana iya ɗaukar Wi-Fi ɗin da wayarka ko ƙaramar na'urar MiFi ta raba tamkar layin da ba shi da iyaka, sai ta fara sauke sabuntawa, wadda babba daga cikinta kan kai gigabait da yawa, OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, kuma ya kama loda hotuna. Maganin yana cikin Settings, ba cikin PC Manager ba. Shiga Network & internet, zaɓi Wi-Fi, buɗe bayanan layin da kake kai, ka kunna Metered connection. Ana yin wannan ga kowane layi daban, don haka in ka canja sunan layin wayarka sai ka sake. Da wannan Windows za ta jinkirta yawancin sabuntawa, OneDrive kuma ya dakata. Sai ka je Windows Update, cikin Advanced options, ka buɗe Delivery Optimization, ka kashe izinin musayar sabuntawa da wasu kwamfutoci. A shafin Data usage za ka ga abin da kowace manhaja ta ci a kwana 30 da suka wuce, kuma a nan za ka iya sa iyaka don a gargaɗe ka. Amma kada ka mai da jinkirin ya zama dindindin. Duk wata ka nemi layi mai yalwa ka bar sabuntawar tsaro ta shiga. Idan kuma haɗin yana yawan yankewa, gwada haɗa wayar da kwamfutar ta kebul ɗin USB, ya fi tsayawa kuma wayar na caji a lokaci guda. Wasu tsofaffin kwamfutoci ba sa ganin layin waya idan an sa shi a zangon 5GHz, sai an mai da shi 2.4GHz.

Sashen tsaro na PC Manager ƙofa ce kawai zuwa Microsoft Defender, manhajar kariya daga birus da ke zuwa da Windows, da Windows Update, da ɗan makami na toshe tagogin talla da wasu manhajoji ke cillowa. Binciken yana aiki, domin Defender ɗin ne da kansa. Abin da ban so ba shi ne yadda take cusa shawarar komawa Edge da Bing a cikin jerin gyare-gyare, kamar wanda ya zaɓi wata burauza ko wani injin bincike ya lalata wani abu. Ba lalacewa ba ce, zaɓinka ne, ka tsallake wannan layi.

Abin da ya fi damuna shi ne kada alamar lafiya da manhajar ke nunawa ta sa mutum ya saki jiki da imel. PC Manager ba ta karanta wasiƙunka. Yawancin damfarar imel ma babu birus a cikinta da za a kama: saƙo ne da ke cewa za a rufe asusunka cikin awa 24, ko an riƙe maka kaya, ko ga takardar biyan kuɗi, da mahaɗi zuwa shafin da aka kwaikwaya. Kai da hannunka za ka rubuta kalmar sirri. Sunan da ke saman saƙo kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, don haka buɗe cikakken adireshin ka karanta abin da ke bayan alamar @. Ɗora kibiyar linzami a kan mahaɗin ba tare da dannawa ba, ainihin inda zai kai ka zai fito a ƙasan taga. Ka karanta sunan da ke daf da sandar farko mai karkata (/) da ta zo bayan https://, domin microsoft.com daban yake da microsoft.com.wani-suna.net, na biyun mallakar mai wani-suna ne. A File Explorer ka kunna nuna ƙarshen sunan fayil, saboda abin da ya zo da suna kamar rasit.pdf.exe manhaja ce, ba takarda ba. Idan saƙon ya ce daga banki ko wani kamfani yake, rufe shi, ka rubuta adireshinsu da kanka a burauza.

In har ka riga ka shigar da kalmar sirri, binciken birus ba zai amfane ka ba. Canja ta nan take, ka canja a duk inda ka maimaita ta, ka fitar da asusun daga dukkan na'urori, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Sannan ka duba abin da mutane ke mantawa: saitin tura wasiƙa da matattarar saƙonni. 'Yan damfara kan dasa umarnin da zai riƙa aika musu kwafin imel ɗinka ko ya ɓoye saƙonnin banki, kuma wannan umarni yana ci gaba da aiki ko bayan an canja kalmar sirri. Duba lambar waya da imel ɗin dawo da asusu ma, ko an sauya su.

Ita kanta manhajar a kula wajen sauke ta. Masu damfara sun daɗe suna fakewa da sunan kayan share kwamfuta, saboda haka daga Microsoft Store kawai, kuma ka ga sunan Microsoft Corporation a matsayin mai ita. Duk tagar da ta cika allo tana ƙara, tana cewa kwamfutarka ta kamu, ga lambar da za ka kira, ƙarya ce. Saƙon kuskure na Microsoft ba ya zuwa da lambar waya. Shafin intanet ne kawai ya baje kansa: riƙe Esc ko ka danna F11 don fita daga cikakken allo, in ya ƙi ka rufe burauzar ta Task Manager, kuma idan ta sake buɗewa ta tambaye ka ko a dawo da shafukan baya, ka ce a'a. Wanda kuma ya riga ya kira har ya bar su suka shiga kwamfutarsa ta manhajar sarrafawa daga nesa irin su AnyDesk, TeamViewer ko Quick Assist, ya yanke intanet, ya cire abin da suka sa shi ya girka, ya canja kalmomin sirrinsa daga wata na'ura daban, sannan ya kira bankinsa ta lambar da ke bayan katinsa.